Guntun Fim ɗin da Na Ɓoye wa Auta

Wari ne ya tona mini asiri. Jikata ta zo taya ni haɗa kaya, don 'yan council masu ba mu gida sun ce matakala ta fi ƙarfin gwiwoyina, za su mayar da ni wani flat na ƙasa a nan unguwar Levenshulme ɗin dai, cikin Manchester, tsallaken titi. Tana cikin jawo tarkacen da ke ƙarƙashin gado sai na ji ta ce, da Hausarta mai ɗingishi, "Kaka, mene ne ya mutu a nan?" Na ce mata babu abin da ya mutu sai ladabin 'ya'yan zamani. Ta fito riƙe da wani gwangwani, ta miƙe hannu nesa da hancinta. Gwangwani ne mai faɗi, zagayayye kamar faifai, gefensa duk tsatsa. Tun kafin ya iso gabana na ji tsamin, irin na vinega da suke zuba wa chips a ƙasar nan. Duk wanda ya yi aikin fim na dā ya san wannan warin. Idan fim ya fara shi, to ya kama hanyar lalacewa, zai yi ta lanƙwashewa yana narkewa har hoton ya bar jikinsa, kuma ba wanda ya isa ya tsayar da shi.

Abin da ke ciki, idan an naɗe, bai cika tafin hannu ba. Guntun fim ne, tsawonsa daga kafaɗata zuwa kan yatsa, kuma a jikinsa akwai fuskar mahaifiyata. Duk duniya babu wani hoton nata sai shi. Ƙanwata, autarmu, ba ta san fuskar Inna ba, don tana goye Inna ta rasu. Yanzu ita ma tsohuwa ce a gida da jikokinta, kuma idanunta sun daɗe suna dusashewa, an yi mini waya a kan haka ba sau ɗaya ba. Fiye da shekara hamsin gwangwanin nan yana hannuna, ban taɓa gaya mata ba. Na faɗa tun a nan, don kada wani ya ci gaba da karatu yana zaton labarin mutumin kirki ne.

A gidanmu da auduga muke sanin lokaci. Idan kaka ta yi, Baba ya kwaso ta daga gona, tsakar gida sai ta koma fari fat, kaji su yi ta yawo da ita a ƙafa. Da hantsi za ka ji ƙarar magurji a kan dutse, Inna tana gurza tana fitar da angurya. Bayan azahar bakan shiɓa ya karɓa, tuf, tuf, tuf, audugar tana tashi tana sauka a gashin idonta. Da la'asar kuma mazari, wanda sai ka yi shiru sosai za ka ji yana juyawa a cikin 'yar tasa. Aikina shi ne tsince angurya in kai wa awaki, da ƙona ƙashi in daka a yi mata allin da take dangwala yatsa a ciki. Na tsani aikin nan ƙwarai, don sa'o'ina suna bakin rafi ni ina daka ƙashi. Inna ba mai yawan magana ba ce. Idan zare ya tsinke ba ta ko tsaki, sai ta haɗa bakin biyu ta murza, ka nemi wurin haɗin ka rasa. Baba yakan ce mana, "Ku zauna ku kalli hannun uwarku, ko kwa rage surutu." Yau jikokina ta waya suke sayen riga, a kawo musu a leda, su sa sau biyu su manta da ita. Ba su taɓa riƙe auduga da angurya a cikinta ba, alhali garin nan da suke taƙama da shi da auduga aka gina shi.

Ina makarantar kwana lokacin da Baturen ya zo garinmu, don haka a bakin Baba na ji labarin, kuma na ji shi har na haddace. An aiko shi ya ɗauki fim a kan auduga, tun daga gona har jirgin ruwa har masaƙun Manchester. Dogo ne, kullum da lofe a baki, amma ba a taɓa ganin hayaƙi ya fita daga ciki ba, sai mutanen gari suka sa masa Mai Lofe. Ya ɗauki gona, ya ɗauki wurin awo, sannan ya ce yana son mace mai kaɗi. Mai unguwa ya ce duk garin babu kamar Inna. Baba ya ce a'a. Kwana uku ana kai-komo, daga ƙarshe ya ce wa tafinta ya gaya wa Baturen: hannu kawai. Za a shimfiɗa tabarma a zaure, ta fito da lulluɓi, a ɗauki hannu da mazari, amma kada wani namiji baƙo ya ga fuskarta a majigi, ko a nan ko a ƙasarsu. Mai Lofe ya cire lofen daga baki, ya ba Baba hannu. Dattawan unguwa suka yi ta cewa an yi wa Baba wayo, ai abin da ya shiga akwatin Bature ya shiga ke nan. Baba ya tsaya a gabansu ya ce shi ya ga idon mutumin, zai cika alkawari. Ba a sake kakar auduga ba Inna ta rasu, zazzaɓin kwana huɗu.

Da na gama makaranta na samu aiki a motar majigi, muna bin ƙauyuka muna kafa farin ƙyalle a bakin kasuwa. Ni ne mai bayani, don fina-finan da Turanci suke zuwa. Duk sabon fim sai na kalle shi da rana a sito, in shirya abin da zan faɗa. Wata rana aka kawo na auduga. Ga gona, ga jakuna, ga ma'auni, ina rubutu ina hamma. Sai hannu biyu suka cika bangon. Tabon ƙuna a wuyan hannun hagu, wanda tukunyar koko ta yi mata, shi na fara gani. Na yi wa mai injin tsawa ya tsayar, ya ce idan ya tsayar fitilar za ta ƙone fim ɗin. Sau huɗu na sa ya mayar da shi farko, muna kallon jakunan nan daga tushe don in sake isa wurin hannun. Da muka kai fim ɗin garinmu, Baba ya zauna a gaba. Aka gama, ya miƙe ya juya ya dubi dattawan, waɗanda suka rage cikinsu, ya ce, "Kun ga fuska?" Tun daga ranar ba ya kiran mutumin da wani suna sai "Baturen nan mai alkawari."

Sunansa yana rubuce a ƙarshen fim ɗin, darakta kuma edita. Da aka ba ni damar zuwa Ingila koyon haɗa fim, sai na rubuta masa wasiƙa na ce ni ɗan matar nan ne mai kaɗi. Amsar ba ta kai layi huɗu ba. Ya ce in zo, in taho da rigar sanyi mai kauri.

Ni a raina babban mutum zan tarar, mai ofis da masinja a ƙofa. Abin da na tarar a Birmingham ɗaki ne a saman wata maƙera inda ake buga kayan keke, tagarsa tana kallon wani baƙin ruwa da kwale-kwale suka daina bi. Idan 'yan maƙerar suka kunna injinsu, shayinmu sai ya yi ta rawa a kofi. Ƙaramin kamfani ne mai yi wa masana'antu fim: yadda ake narka ƙarfe, yadda ma'aikaci zai kare yatsunsa. A nan Mai Lofe ya ƙare. Tarihinsa a gutsure na same shi, wajen shan shayi, don ba ya son a tambaye shi. Ya fara ne da ɗaukar gwangwanaye a wani gidan fim a Landan, ya zama mai liƙi, ya zama edita, har manyan daraktoci suna rububinsa saboda ya san inda ake tsayar da hoto. Lokacin yaƙi ya haɗa wa sojoji fina-finan horo, ya ce ya kalli abubuwan da bai bari sun isa idon kowa ba. Bayan yaƙi aka ba shi darakta, ya yi wasu 'yan fina-finai na ɓarayi da 'yan sanda, irin waɗanda ake nunawa kafin babban fim, lokacin da mutane suke neman kujera suna cire kwat. Yana dariya ya ce mini, "Rabin ƙasar nan sun ga aikina, amma da ƙeya." Daga nan aka riƙa aika shi ƙasashenmu. Sai talabijin ta shigo, gidajen silima suka yi ta rufewa, wasu suka koma wurin caca, wasu kantin kafet. Lofen ma da dalilinsa: fim ɗin da ya fara aiki da shi yana kama wuta kamar fetur, sai ya saba riƙe shi babu wuta har ya manta yadda ake kunnawa.

Aikin kansa ba shi da wani kwarjini. Injin duba fim yana gefe, ka taka da ƙafa ya yi ta ƙara, kar-kar-kar, kana leƙa wani gilashi da bai wuce tafin hannu ba. Ka ga inda kake so, ka yi alama da fensir mai maiƙo, ka yanke, ka kankare bakin, ka shafa gam mai hawa kai, ka danne, ka ƙirga goma. Kusa da kai akwai wani babban kwando da aka shimfiɗa wa farin yadi, samansa katako mai jerin ƙusoshi. Duk guntun da ka yanke, kome ƙanƙantarsa, sai ka rataye shi a ƙusa, ka rubuta daga ina ya fito. Idan an gama aiki a naɗe guntayen a sa a gwangwani a rubuta a jiki. Ranar da na share wasu 'yan guntaye na zuba a shara, Mai Lofe bai yi faɗa ba. Ya kife kwandon sharar a ƙasa, da ɓawon lemo da ganyen shayi, ya ce, "Tsince." Na ji kamar in kama hanyar gida. Ina ɗan shekara ashirin da wani abu, da gemuna, da matar da aka ɗaura mini aure da ita tana jirana, ga ni durƙushe ina tonon shara. Da na gama ya ce, "Edita yana yankewa, amma ba ya zubarwa. Ba ka san ranar da za a zo neman abin da ka cire ba." Yanzu ina kallon jikata tana haɗa fim a waya, a cikin bus, da babban yatsa. Ta yanke, ta fasa, ta mayar, ta sake yankewa, ba abin da ya yi mata zafi. Mu kafin mu sa almakashi sai mun yi tunani sau uku, don kowane yanka yana cin hoto, kuma liƙi ba ya ɓoyuwa ga wanda ya sani. Ba na cewa namu ya fi nasu kyau. Amma mu muna jin tsoron abin da ke hannunmu, ban ga suna ji ba.

Mun yi faɗa da Mai Lofe, ba kaɗan ba. Yakan tsokane ni ya ce a ƙasarmu ya ƙarar da fim guda cur a kan mutum biyu suna gaisawa, har rana ta faɗi ba su iso wurin maganar ba. Na ce masa ai gaisuwar ita ce maganar, ku ne kuke yanke ta ku bar ƙashi. Ya ce in nuna masa a aiki, ba a baki ba. Hausarsa ba ta wuce kalma biyar ba, kuma duk da yamma idan zai sa hula sai ya ce, "Sannu da aiki," ya faɗe ta a karkace. Shekara uku na yi a ɗakin nan. Bai taɓa ambaton Inna ba, ni ma kunya ba ta bar ni na tambaya ba.

Sai na samu aiki a gidan talabijin a Manchester. Ranar da zan tafi, da rana tsaka, Mai Lofe ya rufe ƙofa, ya hau kujera ya sauko da wani ƙaramin gwangwani daga can saman kanta. A jikinsa an rubuta da hannunsa: kada a yi amfani da shi. Ya ce in zauna. Ya ce ranar da suka ɗauki hannun mahaifiyata, ana cikin ɗauka sai jaririyar da aka kwantar a gefen tabarma ta tsala kuka. Inna ta juya da sauri, lulluɓin ya zame, mai kyamara kuma hannunsa ya riga tunaninsa, ya ɗaga ya bi ta. Abin bai fi daƙiƙa biyu ba. Ba wanda ya lura, har Baba da ke tsaye a ƙofar zaure. Sai da aka wanke fim ɗin a Landan aka gani.

"Waɗanda suka aiko ni sun gani," in ji shi. "Suka ce wannan ne fim ɗin gaba ɗaya, da shi za a buɗe, da shi za a rufe. Kuma gaskiyarsu. Ban taɓa ɗaukar abin da ya kai shi kyau ba, kafin nan ko bayan nan."

Na ce, "Sai ka ce musu me?"

"Na ce na ba mijinta hannu. Suka ce mijinta ba zai taɓa sani ba. Na ce ni na sani." Ya juya lofen a hannu. "Na yanke, na nemo asalin da aka wanke shi ma na yanke na ƙona. Wannan kaɗai na kasa. Ba su sake aika ni ko'ina ba. Wataƙila saboda wannan ne, wataƙila kuma dā ma sun gaji da ni. Kada ka mayar da ni waliyyi."

Ya tura mini gwangwanin. Ya ce, "Mahaifinka ya ce baƙo. Kai ba baƙo ba ne." Ya ɗauki hularsa ya fita, ya bar ni da ɗakin.

Ban sa shi a inji ba. Na ɗaga shi a taga, na kara gilashin dubawa a ido. Ga ta nan, ƙarama kamar farce, ta juya wuya, bakinta ya fara buɗewa da murmushin da ake yi wa jariri don ya yi shiru, audugar shiɓa a girarta. Ashe na manta tana da wushirya. Shekara goma sha wani abu ina ƙoƙarin tuno fuskar nan tana guje mini. Na zauna a ƙasa, 'yan maƙera suna ta bugu a ƙarƙashina, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka zo makaranta aka gaya mini.

A jirgin ƙasa zuwa Manchester na yanke shawarar da ta zama laifina. Baba yana da rai a lokacin. Idan na kai wannan gida, dole ya san an ɗauki fuskar, kuma maza a Landan sun zauna sun kalle ta suna yabawa. Mutumin da ya miƙe a gaban gari ya ce "Kun ga fuska?", in je in gaya masa dattawan nan sun fi shi gaskiya? Na ce a raina bari sai bayan ransa. Wannan dalilin ina iya tsayawa a kansa har gobe. Na kawo matata, muka zauna a Old Trafford, aka haifi yara, na yi ta yanke labaran yamma da wasannin ƙwallo. Duk zuwana gida Baba sai ya tambaye ni, "Yaya Baturen nan mai alkawari?" In ce yana gaishe ka.

Da Baba ya rasu na je. Bayan sadakar bakwai, mutane sun watse, muna zaune a tsakar gida ni da Auta, tana tsince shinkafa, ɗanta na uku a cinya. Ba ta ɗago ba ta ce, "Yaya, yanzu kai kaɗai ka rage wanda zan tambaya ba kunya. Wai yaya kamannin Inna suke? Kowa sai ya ce mini mai haƙuri ce. Ni ba halinta nake tambaya ba." Ga ƙofa a buɗe, babu sauran Baba da zan kare. Na ce mata doguwa ce, ba fara ba, ba baƙa ba. Abin da na faɗa ke nan. Na daɗe ina gaya wa kaina wai alkawarin Baba nake riƙewa, amma Baba baƙo ya ce, kuma namiji, Auta kuwa 'yarta ce, ita ake yi wa murmushin ma. Gaskiyar ita ce na ji kunyar ta tambaye ni me ya sa sai yanzu. Akwai kuma wadda ta fi wannan muni: a ƙasar da ba ni da kowa, wannan ne abu ɗaya da yake nawa ni kaɗai, kuma ban so a raba ba. Rowa ce, ba wani suna. Duk shekarar da ta wuce kuma, faɗar sai ta ƙara nauyi.

Na ga Mai Lofe sau ɗaya kafin ya mutu, a wani gidan tsofaffi a gefen Birmingham. An zaunar da su a jere gaban talabijin, ana nuna wani tsohon fim da rana, ba mai kallo. Ya rame, an karɓe lofen. Ma'aikatan ba su san ya taɓa yin fim ba, wata ta ce mini tana jin dā makanike ne. Ya daɗe yana dubana kafin ya ce, "Sannu da aiki." Da zan tashi ya riƙe hannun rigata ya ce, "Jaririyar nan mai kuka. Ka nuna mata?" Na ce na nuna. Ya ce madalla da Turancinsu, ya saki rigar. Mutumin da ya rasa aikinsa don kada ya yi wa mahaifina ƙarya, shi na yi wa ƙarya a zamanmu na ƙarshe.

Duk wannan na gaya wa jikata a ranar kwashe kayan, muna zaune a kan akwatuna. Ita ce mutum ta farko da ta ji. Na zaci za ta yi mini irin surutunsu, amma sai ta ce, "Kaka, akwai inda ake gyara irin wannan a gari. Mu kai gobe." Na ce maza ne a wurin? Ta ce mai yiwuwa. Na ce to ba za a kai ba. Ta dube ni kamar za ta cije ni. Na ce, "Amarya, ki harare ni da kyau, amma kakan babanki ya ce baƙo ba zai gani ba, wani ma ya biya wannan maganar da aikinsa. Ba a kaina za ta karye ba." Ta ce to ita baƙuwa ce? Na ce a'a. Ta ce shi ke nan.

Bayan kwana biyu ta aro kyamara da wani faranti mai haske daga jami'arsu, muka baje a teburin kicin. Ni na warware fim ɗin, don ban yarda da hannunta ba. Ya manne da juna, farkonsa da ƙarshensa sun tafi, sun zama kamar busasshen ɓawon albasa. A tsakiya muka samu hoto uku da suka tsira. Ta ɗauka ɗaya bayan ɗaya, ta buɗe a kwamfuta, fuskar Inna ta cika allon. Ban taɓa ganinta da girma haka ba tun ina yaro. Yarinyar ta rufe baki da hannu, ta ce da Turanci ai hancin babanta ne. Na ce ta aika gida yanzu, kafin in sake samun wani dalili.

Ta aika wa jikar Auta, ni kuma na kira. Na ji ana kiran Hajiya, wato Auta, na ji takunta a hankali, ana ce mata ga kujera nan. Muka gaisa, gaisuwa cikakkiya, har awaki na tambaya, ina jan lokaci. Sannan na ce, "Auta, an turo wani hoto a wayar yarinyar nan. Inna ce." Ta ce wace Inna? Na ce tamu.

Na duba wayar ko layin ya yanke. Ina jin jikarta tana cewa, "Matso da shi ta nan, Hajiya, ta idon dama. Bari in ƙara haske." Wani zakara ya yi cara a bayansu.

"Yaya," in ji Auta, "tun yaushe yake wurinka?"

Na ce tun kafin a yi mata aure.

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta zage ni da na fi jin daɗi. Ta ce, "Ina ganin haske, ina ganin wani duhu-duhu a tsakiya. Shi ne ita?" Na ce shi ne. Ta ce, "Bara waccan ina iya zura zare a allura. Da a lokacin ne, da na gani."

Na ce ta yafe mini. Na faɗa sau uku. Ta ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya, ta faɗa da sauri, kamar mai kawar da kaya daga hanya. Sannan na ji ta ce wa yaran su yi shiru, su kashe rediyon.

"Yana gabanka yanzu?"

Na ce yana gabana.

"To duba da kyau ka faɗa mini. Kada ka ce mini doguwa ce. Fara daga goshi, ka sauko a hankali, kada ka tsallake kome."

Na jawo kujera kusa da allon, na goge tabarau da bakin riga, na fara daga goshi.